Ƙarin Yatsa Biyu a Takalmin Hagu

Talata, daga gadon asibiti

Yaya Baduku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da shago. Yaya kunnen naka? Har yanzu sai an ɗaga maka murya unguwa ta ji? Shi ya sa na hana 'yata Auta ta kira ka a waya. Ni da na yi shekara talatin ina tantance wasiƙun mutane a gidan waya, ba zan tsufa in koma yi wa ɗan'uwana ihu a gaban marasa lafiya ba.

To, an yi aikin, yau kwana shida. Sun cire tsohon kwatangwalon hagu, wancan da ka sani, sun sa min sabo na ƙarfe. Likita ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna min, fari tas, kamar ƙwai a cikin ludayi. Na ce masa to ina tsohon? Ya yi dariya. Ni kuwa da gaske nake, shekara hamsin da huɗu muna fama da juna, ko sallama ba mu yi ba.

Maganin da suke ba ni yana sa ni wani irin lilo. Bayan azahar rana takan shigo ta labule, haskenta ya riƙa rawa a silin, sai in ga ni ce 'yar shekara tara a kan katangar gidan Kaka Babba, wadda ta haifi kakata da kakanka. Kana ƙasa ka ware hannuwa kana cewa, "Diro, 'Yar Tsalle, zan cafe ki." In diro. Amma a nan ba na faɗuwa. Saukowa nake yi a hankali, a hankali, zanena yana kumbura da iska, kai kana ta ƙara nisa, har nas ta zo da abin awon jini ta tashe ni. Ka ga ko a mafarkin rana ba ka cafe ni ba.

Jiya aka tsayar da ni. Mai koya min tafiya wata mai gashin ƙashi ce, 'yar siririya, ba ta kai Auta shekaru ba, amma muryarta ta fi ta sojan fareti, don haka duk ɗakin Sajan muke ce mata. Ta kawo min wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, na sa masa suna Jaki. "Mama, ɗaga kai! Ƙasa ba ta gudu, bar kallonta!" Taku uku na yi, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Abin da ya ba ni mamaki, ƙafar hagun ji nake ta yi tsawo, sai ka ce an aro min ta wata doguwar mace.

Ga abin da ke damuna. Ka san ɗakina a saman bene yake, matakala ashirin da biyu. Auta ta ce in an sallame ni gidanta zan wuce, kuma ta ba ni wata huɗu. In na hau matakalan nan da ƙafata, in koma ɗakina. In na kasa, za ta mayar wa mai gida makullinsa ta kwaso kayana, in zauna a ɗakin ƙasa kusa da kicin ɗinta har abin da Allah ya yi. Ba mugunta ba ce, tsoro take ji. Amma barandata fa, Yaya, da tukwanen furannina goma sha ɗaya, da teburin da nake rubuto maka wasiƙa a kansa. Ina son ɗakina.

Takalminka na bara yana ƙarƙashin gado yana jirana.

Ƙanwarka,
'Yar Tsalle


Litinin, daga shago

'Yar Tsalle,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai gwiwa da ke ƙorafi in hadari ya haɗo. Kunne kuma lafiyarsa ƙalau, mutanen yanzu ne suke magana a cikin wuyan riga. Alhamdu lillahi da aka yi aiki lafiya. Allah ya tashi kafaɗunki, ya sa kaffara ne. Maman yara tana yi miki sannu.

Wato har a gadon asibiti ba ki gaji da gorin katanga ba. Na sha faɗa miki rana ce ta shiga idona.

Zancen ƙafa ta yi tsawo kuwa, magani ne ke wasa da hankalinki. Ƙafarki ni na san ta, na fi likitan nan saninta. Ga ta nan rataye a ƙusa a bayan kujerata, ƙafafun katako biyu da na sassaƙa da sunanki a jiki, kuma hagu ta gaza dama da yatsa biyu cif. Tun kina 'yar shekara ashirin nake cike wannan gibin da fata ninki biyar, takalmi ɗaya duk shekara, yau shekara arba'in da uku. Ban taɓa kuskure ba ko da faɗin zare.

Kin tuna na farkon? Ja ne, ɗinkinsa duk a karkace, don lokacin hannuna bai faɗa ba. Kika sa, kika miƙe, kika kama titi sambal har ƙarshen layi, ko waiwayowa ba ki yi ba balle godiya. Na tsaya a bakin shagon maigidana da basilla a hannu ina kallon bayanki. Har yau in na zauna ɗinkin naki da safe, kafin kasuwa ta cika, ƙanshin fata da gam sun cika shago, sai in ga wannan jan takalmin yana tafiya shi kaɗai a tsakiyar titi, ba ƙafa a ciki.

Na san watan takalminki bai kama ba, amma ban iya jira ba. Ga sabo nan a cikin kwalin nan. Fata mai laushi ce, ba nauyi, kuma na sa masa maɗauri na mannawa tunda na ji an ce masu irin aikinki ba a so su sunkuya. Ƙarin hagu yana nan yadda kika san shi. Na shafa wa ƙasansa baƙin mai kamar kullum, domin in ya dawo hannuna in ga inda ya fara cinyewa.

Matakala ashirin da biyu ba wani abu ba ne. Takalmin zai hau goma sha ɗaya, ke ki hau sauran.

Yayanki,
Baduku


Alhamis, daga gidan Auta

Yaya Baduku,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka gaida Maman yara, ka ce na gode da addu'a. Jiki da sauƙi, ɗinki ya kame, an cire zare. Yau mako biyar da aiki.

Takalmi ya iso. Na buɗe kwalin na sa hanci a ciki na daɗe, har jikata ta ce, "Kaka, ci za ki yi?" Ka gwada gwaninta, madalla. Tun ranar ban cire shi ba sai in zan kwanta.

Ɗakin da Auta ta ba ni ba laifi, amma tagarsa bangon maƙwabta take kallo. Da hantsi inuwar wata bishiya takan faɗo a bangon, ban taɓa ganin bishiyar ba, inuwar kawai na sani. Nakan zauna ina kallonta in riƙa hawa matakalana a zuci. Ta ɗaya mai tsaga. Ta bakwai da fenti ya ɗiga a kanta. Ta goma sha huɗu inda nake tsayawa in huta in yi kamar makulli nake nema. Wani lokaci ina hawa sai matakalan su yi ta haihuwa, in wuce ƙofata, in wuce rufin gida, in ga tukwanen furannina can ƙasa sun ƙanƙance.

Wani abu yana ɗaure wa Sajan kai. Sau uku a mako Auta take kai ni ɗakin gashi, a keke ake tura ni daga mota, silifas a ƙafata. A can da safa kawai nake tafiya tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu, ga madubi a gaba. In ka gan ni sai ka rantse ban taɓa ɗingishi ba. Sajan har tafi take yi. Amma da na dawo gida na kama Jaki, sai tafiyar ta rikice, in riƙa zubewa dama, bayana ya ɗaure, sabon kwatangwalon ya yi ta zugi. Sajan ta ce, "Mama, ko dai a gida wata ce take yi miki tafiyar?" Na ce mata daɓen gidan Auta ne ba daidai ba.

Shekaranjiya na faɗi a ƙofar banɗaki. Kada hankalinka ya tashi, a kan kwandon wanki na sauka, an yi hoto, ƙarfe yana mazauninsa. Amma Auta ta yi kuka, kuma na ji ta a waya tana tambayar wata mai sayen tsofaffin kayan ɗaki. Matakalar gwaji ta ɗakin gashi huɗu ce kacal, ita ma Sajan ta hana ni hawa sai bayana ya saki.

A faɗuwar nan bakin takalmin hagu ya ɗan ɓamɓare. Ga su nan duka biyun na aiko, tunda ba ka karɓar wari ɗaya. Ka manne min ka dawo da shi da wuri. Kafin nan zan lallaɓa da na bara.

Ƙanwarka,
'Yar Tsalle


Laraba

'Yar Tsalle,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Sannu da faɗuwa, Allah ya kiyaye gaba.

Na kifa takalman nan a kan benci na duba su da safe, na sake dubawa da rana a bakin ƙofa inda haske ya fi.

Shekara arba'in da uku ƙasan takalmanki suna dawo min da labari ɗaya: dunduniyar dama da ta hagu suna cinyewa tare, don ƙarin ya daidaita su. Wannan karon baƙin man hagu ya goge ta gefen ciki, bakinsa duk ƙarce, jan sa ake yi a kan daɓe. Na dama kuwa wajen yatsu kawai ya goge, dunduniyarsa baƙa wuluk kamar yau na shafa. Ɗage kike yi da ƙafar dama don ki kamo ta hagu. Wannan tafiyar wanda hagunsa ta fi damansa tsawo ce.

Na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa. Kin ce ƙafar ta yi tsawo, na ce magani ne. Ashe ni ne ban da hankali. Likitan nan ya daidaita miki ƙafa, ko ba haka ba? Ni kuma na ɗora miki yatsa biyu a kai, na karkatar da ke da hannuna. Ba daɓen Auta ne ya kayar da ke ba.

Kuma kin sani. Macen da ke tafiya sambal da safa, ta rikice da takalmi, ba ta buƙatar boka ya gaya mata.

Ba zan manne shi ba, ba kuma zan dawo da shi ba. Na bara ma ki cire shi yau, ki ba Auta ta jefar. Kada ki ƙara sa takalmin da ya fito daga shagon nan.

Baduku


Asabar, daga shago

'Yar Tsalle,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki yana ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, gwiwa ce dai.

Mako huɗu ke nan ban ga ambulan mai rubutunki ba. Mai kawo wasiƙu har ya fara kauce wa layinmu, don kullum sai na tare shi na sa ya zazzage jaka. Na sa Maman yara ta kira Auta, ta ce kina nan lafiya, kina gashi, amma kin ce ba ki da abin faɗa. Ke? Tun da aka haife ki ba a taɓa yin ranar da ba ki da abin faɗa ba.

In fushi ne, rubuto min zagin a takarda, na iya karatu. Matakala nawa yanzu?

Yayanki,
Baduku


Juma'a, daga gidan Auta

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya.

E, fushi nake. Kuma e, na sani. Kwana biyu da aiki likita ya zo zagaye, Auta ta fita sayo ruwa, ya ja bargo ya jera dugadugaina ya ce, "Mama, albishirinki, mun dawo miki da abin da ƙafar nan ta rasa. Duk wani takalmi mai tudu ki yi sallama da shi." Yana jira in yi murna. Ni kuwa sai na leƙa ƙarƙashin gado inda naka yake. Na ɗan tsegunta maka a wasiƙa in ga me za ka ce, ka ce magani ne, sai na yi shiru na bar shi a magani.

Bari in faɗa maka dalili, tunda kai sai an kifa maka abu a kan benci kake ganinsa. Dangin Kaka Babba mun fi ɗari. Wa ya rage yana rubuto min? Waɗanda muka fi kusa da su ma sai a wajen rasuwa muke haɗuwa. Ni da kai kuwa in za a lissafa zumuncinmu sai an kira tsofaffi. Shekara goma sha tara rabon da in sa ka a ido. Abin da ya riƙe mu shi ne yatsa biyun nan: in aiko tsoho, ka aiko sabo, wasiƙa ta bi wasiƙa. Mijina ya rasu, yara suka watse, aiki ya ƙare, amma duk shekara kwali yana zuwa. Sai na ga in ƙafa ta daidaita, kowane shago zai iya sayar min da takalmi, kai kuma ka sauke ƙafafun katakona daga ƙusa ka hura wuta da su. Na gwammace in karkace. Wauta ce, na sani, ba sai ka faɗa ba.

Sai ga wasiƙarka, layi goma sha kaɗan, ko "yayanki" babu a ƙasa, wai kada in ƙara sa takalmin da ya fito daga shagonka. Abin da na ji tsoro ke nan, kuma ka rubuto shi da hannunka. Kwana uku ban kalli inuwar bishiya ba.

Na gaya wa Sajan gaskiya. Ta zauna a kan matakalar gwaji ta riƙe kai, ta ce, "Mama, mako uku kina rushe min da yamma abin da na gina da safe!" Auta ba ta yi min magana ba har washegari. Daga nan ta sayo min wani takalmin roba fari, irin na masu gudu. Ba shi da ƙanshin komai, yana kuka ƙiiƙ a kan daɓe, yana matse min babban yatsa. Amma bayana ya saki. Na sallami Jaki, yanzu sanda ɗaya nake riƙewa. Ranar Talata aka kai ni benen asibiti na hau tara, ƙafa mai lafiya a gaba, sanda da sabuwa a baya.

Tara ba ashirin da biyu ba ce, kuma saura mako shida. Na bara ban jefar ba, yana cikin jakata.

'Yar Tsalle


Laraba, daga shago

Ƙanwata 'Yar Tsalle,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri. Tara ta yi kyau. Ki gaida Sajan, ki ce wani tsoho ya ce ta yafe masa.

Waccan wasiƙar cikin fushi na rubuta ta. Ba ke nake kora ba. Kaina nake jin haushi, don duk takalmin da ya taɓa fita daga shagon nan da sunanki yana da ƙarin nan, kuma na ga sau biyu ke nan ina kayar da ke. Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar katanga ba rana ce ta shiga idona ba. Da na ga kin taho da gaske, tsoro ya kama ni, na ja da baya taku ɗaya. Ina ɗan shekara goma sha huɗu. Saboda wannan takun na shiga koyon dukanci, ba don ina son warin fata ba.

Da na gane ƙafar ta daidaita, na rufe shago da rana tsaka na zauna. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma sai na ji kamar an karɓe min aikin da na fi iyawa. Ashe tsoro ɗaya muke ji, kina can ina nan, kowa ya rufe bakinsa. Tsofaffin banza biyu.

Yanzu ga magana. Wa ya ce miki mai ƙafa daidai ba ya sa takalmi? Wannan na robar da ke matse miki yatsa, ki bar wa masu gudu kayansu. Sai dai ƙafafun katakon nan sun tashi aiki, ƙafar da suka sani ba ita ce yanzu ba, tsayuwarki ta sauya. Sababbi zan sassaƙa, kuma ba na sassaƙa da ka. Ki samo farar takarda babba, a shimfiɗa a daɓe, ki hau da ƙafa biyu ba safa. Auta ta zagaye su da fensir, a tsaye za ta riƙe shi, kada ta kwantar. Sharaɗi ɗaya: kada ki dafa komai. In kin dafa sanda ko bango, nauyi zai koma gefe guda, zanen ya yi min ƙarya.

Ban taɓa ɗinka miki takalmi biyu masu tsawo ɗaya ba. Ki yi min addu'a kada hannu ya ɗora ƙarin da kansa.

Yayanki har kullum,
Baduku


Litinin

Yaya Baduku,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ga zane nan, na naɗe shi cikin kwali don kada ya karye.

Na san ka ja da baya, Yaya. Daga sama nake, ina kallon ƙafarka. Tun ranar da na sa jan takalmi na yafe, shi ya sa ban waiwayo ba, kuka nake yi.

Ba ka san abin da ka sa ni ba. Tun da aka yi aikin ban taɓa tsayawa babu abin dafawa ba. Sau biyu ina hawa takardar ina cafke kafaɗar Auta, muna sauya wata. A na uku na jingine sanda a bango, na saki. Auta tana durƙushe tana zagaye dunduniyata, fensir yana yi min cakulkuli, ni kuwa na kafa wa inuwar bishiyar nan ido. Sai na ji nauyina yana sauka ta ƙafa biyu lokaci ɗaya, daidai wa daida, har cikin daɓe. Rabona da jin haka tun ina kan katanga. Ɗakin ya yi tsit, na ji kamar na gama saukowar nan da nake ta yi a mafarki. Auta ta gama zane ta ɗago ta ce, "Mama, ai na gama tuntuni." Ban sauka ba sai da ta ƙirga sittin.

Ɗigon hawayen da za ka gani kusa da ɗan yatsan hagu ba nawa ba ne, na Auta ne. Matakala goma sha huɗu jiya.

Ƙanwarka,
'Yar Tsalle


Alhamis, a cikin kwalin takalmi

'Yar Tsalle,

Lafiya lau muke. Ga shi nan, ja ne. Sau uku ina auna dugadugan da zare, daidai suke. Abin da ke naɗe a takarda ƙarin da na ɓamɓare ne daga wancan, fata ninki biyar. Na kasa jefarwa, ke ki san yadda za ki yi da shi.

Ki hau a hankali. A ta goma sha huɗu ki nemi makullinki.

Yayanki


Lahadi, daga barandata

Yaya Baduku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman yara da gwiwa. Ka duba saman takardar nan ka ga inda nake.

Jiya da hantsi muka zo, saura kwana huɗu wa'adin Auta ya cika. Sajan ba ranar aikinta ba ce, amma ta biyo mu, wai ba ta yarda da ni ba. Jan takalmi a ƙafa, sanda a hannun dama, ƙarfen bene a hagu. Ta ɗaya mai tsaga tana nan. Ta bakwai mai fenti tana nan. A ta goma sha huɗu numfashi ya ƙare, na tsaya ina lalube a jaka. Auta ta ce, "Mama, makullin ai yana hannuna." Na ce na sani. Daga ta goma sha takwas ban ƙara jin muryar Sajan ba, ban san ko ta yi shiru ba ne ko ni ce na daina ji. Takalmin kawai nake gani, ja, yana hawa ɗaya bayan ɗaya, amma wannan karon da ƙafa a ciki. Sai ga ƙofata.

Auta ta miƙo min makulli da hannu biyu. Ta sauka ta fara kwaso jakunkunana daga mota.

Tukwane huɗu sun bushe, bakwai maƙwabciyata ta raya su. Amma ga abin dariya. Na shiga ɗaki na tsaya, sai na ga komai a karkace: agogon bango, madubi, hoton mijina, kalanda, duk sun kwanta hagu. Na ce wa Auta wa ya taɓa min kaya? Ta ce, "Mama, tun muna yara haka suke." Ashe a ɗaki ba na sa takalminka, da ƙafar Allah nake rataya komai, ni da su muka karkace tare ban taɓa gani ba. Sajan ta ce in riƙa gyara ɗaya kullum, motsa jiki ne.

Teburin nan ma ashe gurgu ne, ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa. Na warware takardarka na cusa masa fata ninki biyar, ya zauna daram. A kansa nake rubutun nan, ka ga layukana sun miƙe.

Kada ka jira shekara. Yadda nake shirin yawo, baƙin man nan ba zai kai wata uku ba. Kuma ba zan sa shi a kwali ba. Auta ta ce daga tashar motarku zuwa shagonka tafiyar minti goma ce. Ka fito bakin ƙofa da basillarka ka tsaya inda zan gan ka, ba sai ka ware hannu ba. In na iso ka kifa takalmin ka karanta da kanka.

Ƙanwarka,
'Yar Tsalle